Martani: Ba Gashin Ne Ke Da Taurin Kai Ba

Na daɗe ina bibiyar rubutun wata 'yar'uwa da ke ba mata shawara kan kwalliya da gyaran jiki, kuma na amfana da ita ba sau ɗaya ba. Shi ya sa da na ga abin da ta rubuta kwanan nan game da masu gashi mai cika da tauri, sai da na sake karantawa, don in tabbatar ba ni ce na fahimce ta a baibai ba. A dunƙule cewa ta yi irin wannan gashi ba ya jin lallashi, sai ƙarfi. In ƙarfen miƙar da gashi za ki saya, wanda muke kira sitiretina, ki nemi mai farantin titaniyam da ke kaiwa digiri 230, ki murɗa shi har ƙarshe. In rilaksa ce, ki tsallake regula ki ɗauki sufa, ki kuma ƙara mintuna a kan abin da aka rubuta a kwali, domin a ganinta da gashin da bai kai namu ba aka auna lokacin. Mai tsoron rilaksa kuwa, sai ta tura ta ga gyaran keratin, ta ce shi ba ruwansa da sinadari.

Malama, akwai inda muka haɗu. Kin yi gaskiya cewa ƙarfen araha da ba ya riƙe zafi yana sa mace ta bi wuri ɗaya sau biyar ko shida, kuma wannan ɓarna ce. Kin yi gaskiya cewa macen da ke son gashinta ya kwanta ba ta yi laifin komai ba, ba kuma sai an yi mata wa'azi ba. Ni ma ina miƙar da nawa. Tun ina yarinya masu kitso ke cewa kaina kai biyu ne, matajin da ya karye a cikinsa kuwa ban san iyakarsa ba. Na san abin da ke sa mace ta tsaya gaban madubi ta ji kamar ta ɗauko almakashi. Inda muka rabu shi ne tun daga sunan da kika ba matsalar. Kin ce gashin ne ke da taurin kai, daga nan duk maganin da kika kawo ya zama na horo.

Abubuwa uku ne muke cakuɗawa idan muka ce gashi ya yi kauri. Akwai cika, wato yawan silin da ya tsiro a kan mutum. Akwai kaurin sili ɗaya shi kaɗai. Akwai kuma murɗewa. Mace za ta iya samun kai cike taf, amma in ta ɗauki sili ɗaya da ya faɗo ta ajiye shi kusa da zaren ɗinki, ta ga ko rabinsa bai kai ba. Masu auna gashi sun gano cewa, a matsakaici, yawan silin da ke kan 'yan Afirka bai ma kai na Turawa ba; murɗewar ce ke sa ya tashi tsaye ya cika ido. In aka yanka silin gashin 'yan gabashin Asiya aka duba bakinsa a madubin likita, kusan kewayayye ne. Namu a shafe yake, kamar an danne shi, yana kuma juyawa yana murɗewa a kan hanyarsa. Duk inda ya murɗe, nan ne rauninsa, kamar wayar da aka yi ta lanƙwasawa a wuri guda. Ga shi maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya bin wannan karkatacciyar hanya har ya kai ƙarshen sili, shi ya sa bakin gashinmu kullum a bushe yake, balle da hunturu. Gashin da ke karya mataji, shi ne kuma ya fi kowane saurin karyewa. Wannan shi ne abin da rubutunki ya tsallake, alhali komai a kansa ya rataya.

Mu fara da ƙarfen. Abin da zafi ke yi shi ne kwance wani ɗauri na wucin gadi da ke cikin sili, ya bar shi ya huce a miƙe. Ruwa na taɓa shi, ɗaurin ya koma yadda yake. Wannan aiki ba ya buƙatar digiri 230. Kamfanin ghd na Ingila, wanda ƙarafansa ke cikin masu tsada a duniya, ya tsayar da su a digiri 185, ko wurin ƙarawa bai saka ba. In kuma ana son hujjar da ke cikin ɗakin kowa, a duba dutsen guga. Ɗigo uku na auduga ne, wajen digiri 200. Ɗigo biyu na ulu ne, wajen 150. To ulu gashin tunkiya ne, kuma da abu ɗaya aka gina shi da gashin mutum, wato keratin. Ba mai hankalin da zai kai dutsen guga ƙarshe ya ɗora a kan rigar sanyinsa ta ulu. Mu kuma ana ce mana mu matse gashinmu tsakanin ƙarfe biyu da suka fi zafin da ake goge shadda da shi. A wajen digiri 230 ɗin nan ne keratin ɗin busasshen gashi ke fara lalacewa daga ciki, kuma daga nan ba komowa. Gashin da ya riga ya fito daga fata ba rai gare shi ba, ba ya warkewa kamar ciwo. Duk wadda ta taɓa wanke kanta ta ga wani ɓangare ya ƙi murɗewa, ya tsaya laƙwas kamar gemun masara, ta san abin da nake nufi. Babu man da ke dawo da shi, sai almakashi.

Na san dalilin da ya sa kika ga kamar ƙaramin zafi ba ya aiki, domin ni ma na daɗe ina ganin haka. Mai cikar gashi tana gajiya, sai ta riƙa dumbuzo shi da yawa tana cusawa a bakin ƙarfe. Na sama da na ƙasa su sha wuta, na tsakiya ko ɗumi bai ji ba. Sai ta ce ƙarfen ba shi da ƙarfi, ta ƙara zafi. Abin da cika ke nema shi ne a yi ta rabawa ƙanana-ƙanana, kowane rabo kada ya fi faɗin farantin, ya kuma yi sirantakar da za a iya hango haske ta cikinsa. A sa mataji mai ƙananan haƙora a gaba, ƙarfe na biye da shi a hankali, sau ɗaya. Zai ci lokaci, ba shakka. Nawa kan ci sa'a biyu. Cikar gashi lokaci take ƙarawa, ba ta ƙara wa sili ɗaya juriyar wuta.

Kuma rabin aikin tun kafin a kunna ƙarfe ake gama shi. Gashin da aka wanke, aka ba shi laushi, aka ɗaure da zare ya kwana, ya riga ya miƙe da kansa kafin zafi ya taɓa shi. Iyayenmu da wannan zaren suke miƙar da gashi tun ba a san lantarki ba. Dole ne kuma ya bushe sarai. In kika ji ƙarfe ya yi cuu, ruwan da ke cikin silin ne ke tafasa, yana huda shi daga ciki ya bar masa ƙananan kumfa. Likitocin fata sun san wannan sosai. Haka ma labta masa man kwakwa ko basilin kafin a bi da ƙarfe, wannan suya ce. Man kariya daga zafi daban yake, kuma kaɗan ake sawa.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, wanda shawarar da aka tsara don matan wata ƙasa ba za ta taɓa lissafawa ba. Mu muna shafar kai da jiƙaƙƙen hannu a kowace alwala. Matar aure tana wankan da dole ruwa ya kai tushen gashi. Ga gumi a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi a watannin bazara, ga laimar damina. Miƙewar ƙarfe ba ta jure ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wato wadda ta bi shawararki ba sau ɗaya a wata za ta kai gashinta digiri 230 ba, za ta sake a mako, watakila sau biyu. Ki lissafa wannan a shekara.

Don haka in ƙanwata za ta shiga kasuwa ta nemi ƙarfe, abin da zan ce ta fara dubawa shi ne ko yana da wurin rage zafi da ƙarawa, mai nuna lamba, domin ta fara daga ƙasa, wajen 160 ko 170, ta tsaya a inda gashinta ya amsa. Ta haɗe bakinsa ta ɗaga shi sama. In haske na ratsawa tsakanin farantan, ba zai kama gashi daidai ba. Titaniyam ɗin da kika yaba yana saurin ɗaukar zafi yana kuma saurin zuba shi, abin da ya dace da ƙwararriyar da hannunta ke gudu. Mai yi wa kanta a gida, hannu a bayan ƙeya, ba ta ganin abin da take yi, mai farantin tangaran ya fi yi mata sauƙi. Faffaɗan faranti na mai dogon gashi ne. In gashin gajere ne ba zai kai tushe ba. Sai abu biyu da suka shafi wutarmu. Ta karanta jikinsa: wanda aka yi don Amurka kaɗai na bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, in ba an rubuta yana ɗaukar duka biyun ba zai ƙone, ko ya yi zafin da ya wuce lambar da yake nunawa. Ta kuma nemi mai kashe kansa. Sau nawa ake ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, a ajiye ƙarfe a kan katifa a fita, a dawo da wutar ba kowa a ɗakin?

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da maganarki kan rilaksa, wadda ita ce ta hana ni yin shiru.

Asalin abin nan ma ya isa ya sa a yi hattara. Garrett Morgan, wani baƙar fatar Amurka mai gyaran keken ɗinki a Cleveland, shi ne a farkon ƙarni na 20 ya lura cewa wani ruwan sinadari da yake gwadawa don allurar keke yana kwantar da gashi, har ya kafa kamfani a kai a 1913. Rilaksar da ake ɗiba daga roba a salun, jigonta shi ne kastik soda, wadda duk matar da ta koyi haɗa sabulu ta sani, ta kuma san ba a taɓa ta da hannu tsirara. A ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 14, gashi da fatar kai suna zaune ne a wajen 5, rilaksa kuwa tana 12 zuwa sama. Ita ba ɗaurin wucin gadi take kwancewa ba, ginshiƙan da ke riƙe da silin take karyawa, kuma ba sa komawa yadda suke. Laushin da muke murna da shi, ƙarfin gashin ne aka rage. Mai kwali da ake haɗawa da ɗan ruwa a kwalba, wadda ake cewa ba ta da soda, ta fi sauƙi a fata ga wasu, amma ƙarfinta na nan kusa da na 'yar'uwarta, tana kuma barin gashi a bushe. Har wadda ake zana hoton yara a kwalinta, aikinsu ɗaya ne.

Lokacin da aka rubuta a kwali iyaka ce. Yawanci bai wuce minti 20 da 'yan kai ba, kuma daga sanda aka fara shafawa ake ƙirgawa. Nan ne ma mai cikar gashi ta fi shiga haɗari, domin kafin a gama shafa mata gaba, ƙeya ta riga ta cinye lokacinta. Ke kuma kin ce ta ƙara.

Na ga abin da ƙarin ke yi da idona. Ana saura kwana huɗu bikin ƙanwata na raka ta wani salun. Gashinta irin nawa ne. Mai salun ta taɓa shi ta ce wannan sai sufa. Aka shafa tun daga tushe har baki, alhali ba a fi wata guda da yi mata wata ba. Ba a jima ba ta fara motsi a kujera, ta ce, "Yaya, kamar an zuba mini barkono." Mai salun ta ce, "Ki daure ƙanwata, bai nuna ba tukuna." Ni da ya kamata in ce a wanke, sai na ce, "Ki ƙara haƙuri kaɗan, biki ne fa." Washegari ta tashi gashi ya manne da fatar kai, ruwa na tsatsafowa. A haka aka yi mata kitson amarya, ƙanana, a ɗaure tam. Bayan wata biyu gashin ya riƙa zuba a mataji, gaban goshinta ya ja baya, wani wuri a tsakiyar kanta mai faɗin kwabo ya zama sumul. Shekara shida ke nan, sauran ya dawo, wurin nan bai sake tsiro ba. Har yau in na tuna ni ce na ce ta ƙara haƙuri, raina ɓaci yake.

Zafin da ake ji ba alamar nuna ba ce, ƙuna ce. Kuma abin da ya same ta ba baƙo ba ne a wurin masana. Farfesa Nonhlanhla Khumalo, likitar fata a Jami'ar Cape Town, ta duba kawunan jama'a a Afirka ta Kudu, ta samu kusan kashi ɗaya cikin uku na matan suna da zubar gashin da ja ke haddasawa, kuma haɗarin ya fi yawa idan aka yi kitso mai ɗauri a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Wannan kuwa shi ne ainihin tsarinmu na Sallah da biki: yau salun, gobe gidan mai kitso. Akwai kuma wani sanƙo da ke farawa daga tsakiyar kai yana faɗaɗa, yana kashe tushen gashi ya bar tabo. Da likitocin Amurka suka fara bayyana shi a 1968, da sunan mataji mai zafi suka kira shi. Yanzu an san har da gado a cikin sababinsa, amma duk likitan fata zai ce wa mai shi ta nisanci zafi da sinadari da ja.

Wadda ta zaɓi rilaksa, ga abin da ya kamata ta ji daga gare mu. Gashi na tsirowa wajen santimita 1 a wata, namu wani lokaci bai ma kai ba, don haka a bar aƙalla mako 8 zuwa 12 tsakani, a kuma shafa a sabon tsiro kaɗai. Wanda aka riga aka kwantar ba ya buƙatar a sake. Kada a yi a ranar da aka yi tsifa ko aka sosa kai. A kare fata da basilin. A raba kai gida huɗu, in cikar ta yi yawa a yi rabi a wanke sannan a yi rabi. A wanke da sabulun da ke kashe ƙarfinta har kumfar ta daina canza launi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sufa kuwa ta mai kaurin sili ce na gaske, ba ta duk mai cika ba, kuma sili ɗaya da aka gwada a gefe ya fi idon kowace mai salun faɗin gaskiya.

Akwai abin da ya wuce gashi. A watan Oktoba na 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bin mata 33,497 na kusan shekara 11. A cikin waɗanda ba sa amfani da sinadaran miƙar da gashi, an ƙiyasta kashi 1.64 cikin ɗari za su kamu da sankarar mahaifa kafin su kai shekara 70. A cikin masu yi fiye da sau huɗu a shekara, kashi 4.05 ne. Alaƙa binciken ya nuna, kuma cutar ba mai yawa ba ce. Ban kawo shi don in firgita kowa ba. Amma fiye da sau huɗu a shekara, ai a wurinmu wannan ba a ma kiransa yawa. Tun a 2012 wani bincike a kan baƙaƙen matan Amurka sama da 23,000 ya ga alaƙa tsakanin rilaksa da ƙarin mahaifa. Fatar kan da ta ƙone ƙofa ce a buɗe, abin da aka shafa ya fi samun hanyar shiga jiki. Mai ba da shawarar a ƙara minti ya kamata ta san da wannan.

Gyaran keratin da kika kira mai tsabta, sunan ne kawai mai daɗi. Abin da ke riƙe gashi a miƙe a yawancinsu shi ne fomaldihaid, sinadarin da ke cikin ruwan da ake adana gawa da shi, wanda hukumar binciken sankara ta duniya ta sa a jerin masu haddasa ta tun 2004. Yana tashi ne a hayaƙi lokacin da aka bi man da ƙarfe mai tsananin zafi. A 2011 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa, a 2023 kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta bayyana niyyar hana shi. Waɗanda aka rubuta wa babu fomaldihaid, da yawansu da wani sinadari mai suna gilayoksilik asid aka musanya, shi kuma a 2024 hukumar lafiya ta Faransa ta yi gargaɗi a kansa bayan an samu matan da ƙodarsu ta tsaya bayan gyaran gashi. Ki tuno da salun ɗinmu, shago ɗaya, labule a sake, fanka ba wuta. Wadda aka yi wa gyaran ta zo sau ɗaya ta tafi. Yarinyar da ke riƙe da ƙarfen ita ke shaƙa daga safe har magariba, wata da goyo a bayanta.

Ni dai ga yadda na zauna da nawa. Na bar rilaksa tun bayan bikin nan. Ina wanke shi da karkashi, yauƙinsa na warware shi ba tare da mataji ya sha wuya ba. Matan Chadi ma da shi suke yi, suna ce masa ambunu. In sa man kaɗe yana da sauran danshi, in ɗaure da zare. Ƙarfe sau biyu ko uku a shekara, a digiri 180, in akwai dalili. Ba ya kwanciya kamar na 'yan Indiya, amma yana sauka kafaɗa, kuma gaban goshina na nan.

Malama, roƙona ɗaya ne. Maganar ƙarfe a iya cewa bambancin ra'ayi ne, kowa ta gwada ta gani. Amma layin nan na ƙara mintuna a kan abin da aka rubuta, ki janye shi a fili, a wurin da kika faɗe shi. 'Yan mata suna karanta ki, suna kuma kai maganarki salun a matsayin hujja. Jiya 'yar maƙwabciyata, mai shekara 16, ta shigo da kwalin sufa a leda tana tambayata ko minti 40 ya isa.